Sunan Guduma a Ƙasan Fuskar Dogo

Ranar Laraba 'yan gidan talabijin suka zo gidan Dogo, su uku da kyamara da fitila mai zafi kamar bakin murhu. Suka ja kujerun falo gefe, suka sauke agogon bango wai yana ƙyalli. Wanda ke yin tambayoyin, wani mai gemu a gyare, bai taɓa jin labarin Dogo ba sai da safen nan, amma "gwarzonmu" yake ta ce masa.

Shekara talatin da biyu ke nan da Dogo ya buga wa ƙungiyar garin ƙwallon kwando, a shekarar da ta ɗauki kofi, kuma tun daga nan ba ta sake ba. Yanzu gadi yake yi a wata makaranta, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Awa biyu suka yi suna ɗaukarsa. Ya ba su labarin yadda suke share filin da kansu kafin wasa, da yadda amininsa Guduma, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce, ya ƙarasa wasan ƙarshe da karyayyen yatsa. Suka ce za a nuna ranar Asabar, a hutun rabin lokaci na wasan ƙungiyar garin.

Asabar da la'asar falon ya cika. Matarsa ta aro kujeru a maƙwabta. Tela da Direba, abokan kallonsa na kullum, suka zauna a gaba, ƙanwarsa ta zo da 'ya'yanta.

Tun kafin a jefa ƙwallo sama Tela ya fara.

"Dubi wannan," in ji shi. "Minti biyar suna nuna mana takalmin mutum. Takalmi muka zo kallo?"

"Ai takalmin ya fi mai shi aiki," in ji Direba.

Aka fara wasa. Ƙwallo ta suɓuce ta gangara tsakanin 'yan wasan garin su biyu, kowa ya tsaya yana jiran ɗan'uwansa ya sunkuya. Wani daga cikin baƙin 'yan wasan ya zo ya ɗauke ta, ya tafi ya zura abinsa cikin kwando ba wanda ya bi shi. Ba a ma nuna shigar ƙwallon ba, don a daidai lokacin kyamara ta juya kan wata mata a kujerun manya tana latsa waya.

"To, mun ga 'yan kunnenta," in ji Tela. "Maki nawa ke nan?"

Mai sharhi kuwa ihu yake yi wai yaron da ya bar ƙwallon ta wuce tauraro ne, irinsa ba a taɓa yi ba.

"Tauraron da ke tsoron ƙasa," in ji Direba. "Dogo, a zamaninku wa zai bar ƙwallo tana yawo haka?"

"Da koci ya zaunar da shi a benci har gashinsa ya yi fari," in ji Dogo. Hannunsa na kan gwiwa, idonsa na kan agogon wasa.

Aka tafi hutu an ba 'yan wasan garin ratar maki goma sha huɗu. Matarsa ta ce kowa ya yi shiru. Aka sa tallan sabulu. Aka sa na waya. Aka dawo kan masu sharhi su uku cikin kwat, suna gardama a kan wanda ya fi iya aski a cikin 'yan wasa. Aka sake sa tallan sabulun.

Sai ga falon nan a allo, ga Dogo cikin tsohuwar rigar wasansa da ta matse shi a ciki.

"Ga Yaya nan," in ji ƙanwarsa a hankali.

Dogon cikin talabijin ya buɗe baki ya ce, "Yaran yanzu sun fi mu tsalle, sun fi mu gudu." Shi ke nan. Aka yanke, mai gemun ya fito yana murmushi. "Kun dai ji daga bakin tsofaffi," in ji shi, sannan aka koma talla.

Matar Dogo ce ta fara magana.

"Ina sauran? Ina tsaye a ƙofar nan ka ce sun fi ku tsalle amma ba su san zafin rashin nasara ba. Ina wannan ɗin?"

"Bar ta wannan," in ji Tela. "Kin karanta sunan da suka rubuta a ƙasa?"

Ba ta karanta ba. Dogo ya karanta. Sunan Guduma ne, cikakke, har da lambar rigarsa.

Aka dawo wasa, amma Dogo ya ɗauki rimot ya kashe sautin. Haka suka kalli sauran, mutane dogaye suna kai da kawowa ba murya. Aka tashi da ratar maki ashirin da biyu. 'Yan wasan garin suka rungumi waɗanda suka lallasa su suna dariya, ɗaya har yana gyara gashi a gaban kyamara.

"Mu da aka ci mu da maki ɗaya," in ji Dogo, "kwana uku Guduma bai fita ƙofar gida ba."

Wayarsa ta yi ƙara. Mai gemun ne.

"Baba, ka ga kanka? Mutane sai yabo suke yi."

"Na ga wani mamaci yana yabon ragwaye," in ji Dogo. "Wa ya rubuta sunan?"

"Au, kuskure aka yi? Ai duk ƙungiya ɗaya ce, Baba, ba wanda zai lura."

Dogo ya kashe wayar. Bai kai ga ajiye ta ba ta sake ƙara. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙe da kyar yana dafa kafaɗar Direba.

"Matar Guduma ce," ya ce wa matarsa. "Wannan ba maganar waya ba ce. Miƙo min hulata."

Direba ya kai shi a mota. Ya tarar da ita zaune a tsakar gida da jikokinta, ta ce tana cikin wanki yaran suka ƙwala mata kira wai ga kakansu Guduma a talabijin. Dogo ya zauna a bakin tabarma, ya miƙe ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, ya tambayi yaran ko sun san kakansu ya taɓa tsare mutum biyu shi kaɗai a ƙarƙashin kwando. Suka ce a'a. Ya ce to su matso.