Gonar Dankalin Keming

Sau uku Keming yana sauke amyar kafin ya kai rabin hawan dutsen Oku. Ta tukurwa ce, ba wani nauyi gare ta ba, gwiwarsa ce ta ƙi. Ƙudan zuma sun shige ta a kwari, ya toshe bakinta da ciyawa tun asuba. In bai kai ta kurmin sama kafin itatuwa su yi fure ba, ja zumar za ta fito, irin ta kowa. Shi kuwa fara yake so, mai kauri kamar man shanu. Shekara biyu rabonsa da kurmin, har mafarkin ƙamshinsa yake yi.

A bakin iyakar kurmin ya tarar da Nying, 'yar kwamitin tsaron kurmi, tana duba sawun awaki.

"Baba, da wannan ƙafar za ka hau? Mama ta sani?"

"Matar tawa ce ta haife ni? Ba ni hanya, 'yar masu ƙwacen gona."

Dariya kawai ta yi. Mahaifinta ne ya kafa alamar iyakar nan shekara talatin da suka wuce, gonar dankalin Keming ta faɗa cikin yankin da aka hana noma. Tun ranar bai sake bi ta wurin ba, zagaye yake yi ta bayan rafi don kada idonsa ya gani. Yau ƙafa ta hana shi zagayen.

Bai yi taku ashirin a ciki ba gwiwar ta kwance. Ya zauna daɓas, ya dubi ƙololuwar dutsen inda ya saba rataye amyoyinsa, tafiyar awa biyu. Idonsa ya cicciko.

"Shi ke nan, Nying. Ba zan kai ba."

"Kai ina? Ɗaga kanka mana, Baba."

Ya ɗaga. Rassa sun rufe sama ruf, duk sun yi toho, furen na gab da buɗewa. Irin itatuwan can sama ne sak. A gindin ɗaya ya hango duwatsun murhu uku, gansakuka ta lulluɓe su. Nan matarsa take gasa musu dankali lokacin tana amarya.

"Nan fa gonata ce," ya ce a hankali.

Nying ta matso. Ta kama masa, suka ɗora amyar a tsakanin rassa biyu. Ya zare ciyawar, ƙudan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu.

"Kada ki gaya wa ubanki," ya ce.