Kamun Dabo

A shekarar da fataken Kano suka kai ƙara cewa farin Birnin Kudu yana raguwa a hanya, manyan gari suka zauna suka kafa doka. Ba wanda ya tambayi yadda tufa ke raguwa a bayan jaki. Sanƙira ya zaga kasuwa ya yi shela: daga yau, duk ƙwaryar fari, wato dogon ƙyallen saƙi guda, da masaƙin garin nan ya saƙa sai ta cika kamu ashirin kafin ta shiga kasuwa. Wanda aka kama da gajera har sau uku, rumfarsa ta zama ta wani.

Kamu dai kowa ya san shi, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya. Abin da ba a tsaya dubawa ba shi ne hannun wa. Sarkin Kasuwa ya duba mutanensa ya zaɓi wanda ya fi riƙon amana, wato Dabo. Dabo kuwa irin dogayen nan ne da ke tsinko tsamiya ba tare da sun ɗaga dunduniya ba.

Salihu masaƙi gajere ne. Shekara talatin yana auna saƙarsa da hannun da Allah Ya ba shi, yana sayarwa a rumfar da ya gada daga ubansa, ba a taɓa kiransa macuci ba. Ranar kasuwar farko bayan shela ya iso ƙofa da ɗaurinsa a ka, ya tarar da Dabo, wanda taubashinsa ne, ya naɗe hannun riga.

Dabo ya auna, ya sake aunawa.

"Sha bakwai da ɗan abu," in ji shi.

"Ashirin ce. Sau biyu na aune ta."

"Da wane hannu? Wannan da ko tuwo sai an matso maka da akushi?"

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Salihu ya ce, "Kai da aka haifa da sandar kiwo a kafaɗa, ai sai ka je ka auna rijiya."

Dariya ta ƙaru, amma ɗaurin bai shiga ba. Sau ɗaya ke nan.

A gida, matarsa Batulu, wadda ita ke kaɗa masa zare, ta saurari labarin tana murza mazari.

"Kamu uku a kowace ƙwarya," ta ce. "Malam, waɗanda suka yi dokar, a cikinsu akwai wanda ya taɓa kaɗi?"

"Babu."

"To ai shi ya sa ta yi musu sauƙi."

Salihu ya yanko kara daidai hannun Dabo ya jingine a gefen masaƙa. Ya riƙa saƙa doguwar ƙwarya, zare na tafiya, kwana na tafiya, dole ya ɗaga farashi. A nan ne ya lura da mutanen Gwaram. Suna zuwa da nasu farin, su yi wa Dabo sallama su wuce, ba ya ko ɗaga kai, domin shela ta ce masaƙin garin nan. Mai saye kuma ƙwarya yake tambaya, ba kamu ba. Ya ɗaga ta Salihu, ya yaba, ya ajiye, ya je ya sayi ta Gwaram.

Da damina ta kankama audugar gidan ta ƙare. Wata ƙwarya ta tsaya saura rabin kamu, babu zaren ƙarasawa. Salihu ya cusa ta tsakiyar ɗauri yana fatan Allah Ya sa Dabo ya gaji. Dabo bai gaji ba. Ya riƙe bakin tufar ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Salihu, da hannun nan na raguwa da na rage."

"Ka rufe ido mana, ɗan Inna."

"An rantsar da ni."

Sau biyu ke nan, saura ɗaya.

Salihu ya tafi wurin Sarkin Kasuwa, ya cire takalmi ya tsuguna.

"Ranka ya daɗe, na Gwaram ba a aunawa."

"Baƙi ne. In muka matsa wa baƙi sai su daina zuwa, kasuwa ta mutu."

"To mu 'yan gari fa?"

Sarkin Kasuwa ya yi murmushi irin na mai rarrashin yaro. "'Yan gari ina za ku?"

Salihu ya yi godiya ya tashi. Tambayar ta bi shi har gida, kuma da ya maimaita wa Batulu sai ta ajiye mazari ta ce yayanta na Gwaram yana da fili a bayan gidansa.

Bayan girbi suka tumɓuke turakun masaƙa suka ɗora wa jaki. Wata guda bayan haka Salihu ya iso ƙofar kasuwar Birnin Kudu, ƙafa duk ta yi faso, ɗauri a ka. Dabo ya fara naɗe hannun riga.

"Dakata," in ji Salihu. "Ba ka tambaye ni daga ina ba."

Dabo ya dube shi. "Daga ina?"

"Daga Gwaram. Can aka saƙa."

Dabo ya bi kalmomin shelar ɗaya bayan ɗaya a ransa. Daga nan ya sauke hannun rigar a hankali.

"Sannu da zuwa, baƙo. Ka san hanya ko a raka ka?"

Salihu ya wuce ya share rumfar ubansa, ya baje gajerun ƙwaryoyinsa, kafin la'asar sun ƙare. Rumfar ta zauna a hannunsa. Abin da ta ci masa shi ne kwana biyu zuwa, kwana biyu komawa, da gidan da aka haife shi, wanda yanzu yake kwana a zaurensa in ya zo cin kasuwa. Kafin wata kakar, masaƙa tara sun tambaye shi ko akwai sauran fili a Gwaram.