Minti Goma Sha Ɗaya Zuwa Tsohon Masallaci

Siwema ta sauka a gadar da jiragen ruwa ke tsayawa a Kiwandani da ƙarfe tara da rabi na safe, ruwan teku na cike, da fom mai shafi huɗu a jaka da agogo a hannu. Aikinta ke nan a kamfaninsu na Dar es Salaam. Turawa kan taso a jirgin sama zuwa Zanzibar, su hau babban jirgin ruwa, ya yi kwana goma sha biyu yana bin gaɓa da su, kowace safiya su farka a wata tashar. Ita ce ke riga su zuwa, ta duba garin da ya nemi a sa shi cikin jerin wuraren tsayawa, ta rubuta ko ya cancanta. Garuruwa tara ta duba, ta kayar da biyar, ko sau ɗaya abin bai hana ta barci ba.

Wannan na goman kuwa garinsu ne. Shekara goma sha tara rabonta da shi. Karatu ya ɗauke ta zuwa Glasgow tana budurwa, karatu ya haifi wani karatun, sannan aiki. Da mahaifinta Bakari ya rasu shekara huɗu da suka wuce, saƙo ta aiko. Ta dawo ƙasar shekara biyu ke nan, tsakaninta da tsibirin da garin yake yini ɗaya ne a mota da awa ɗaya a kwale-kwale, amma ba ta zo ba. Wannan aikin ba ta nema ba, da aka ba ta kuma ba ta ƙi ba. Abin da take son sani ba ya cikin fom ɗin: ko har yanzu akwai ƙofar da za a buɗe mata a nan.

Mutum ɗaya ne ya tarye ta, Mzee Shomari, shugaban kwamitin garin, wanda ya koya mata lissafi a aji huɗu. Ya sa kwat a kan farar rigarsa, yana ta zufa. Ta russuna ta ce masa shikamoo, gaisuwar da yaro ke yi wa babba. Ya amsa da marahaba, idonsa a kan teku, ya kira ta Madam Sufeto, ya ce in ta shirya su tafi. Bai tambaye ta hanya ba, bai tambaye ta lafiya ba.

Ta danna agogo. Tambaya ta farko a fom ita ce: minti nawa dattijo zai yi a ƙasa daga gada zuwa babban abin kallo? A nan abin kallon shi ne kangon tsohon masallacin da ke ƙarƙashin kukoki a ƙarshen gari. Kamfani ba ya son ya wuce minti ashirin, don awa shida kacal baƙi ke yi a tudu.

An share hanyar tas. An shafe bangaye da farar ƙasa, har wani wurin bai bushe ba. An ɗaure awaki. Dakalin ƙofar kowane gida, inda ta san maza na zama tun safe suna musu a kan kifi da ƙwallo, babu kowa a kai. Wata mata ta fito da bokiti, ta gan ta, ta koma da baya ta ja ƙofa. Siwema ta gane ta, bencinsu ɗaya a makaranta. Faki mai gahawa yana nan a kwanarsa da butarsa ta tagulla, ya tsufa, gemu ya yi fari. Ta gaishe shi. Ya sunkuyar da kai yana goge kofin da ba shi da datti.

Gidansu yana kan hanyar, na bakwai bayan rijiya. Yanzu ƙanwar mahaifinta ce a ciki, Shangazi Mwanakombo, matar da ake jin muryarta daga gada in tana kiran kaji. Ƙofar a rufe take, tagar ma haka. Siwema ba ta rage tafiya ba.

A gindin kuka ta tsayar da agogo. Minti goma sha ɗaya. Ta rubuta. Ta auna faɗin hanya, ta ƙirga matakala, ta leƙa sabon banɗakin da aka gina. A layin da ke tambaya ko mutanen gari na takura wa baƙi, ta rubuta a'a. Mzee Shomari ya leƙo ta kafaɗarta ya ga lambar, ya yi ajiyar zuciya, ya ce mai kwale-kwale zai tashi ƙarfe ɗaya kafin ruwa ya janye, in ba haka ba sai gobe.

Ta gane. Ba ta ga laifinsu ba. Wanda bai zo jana'izar ubansa ba, bai zo sadakar arba'in ba, ba shi da bakin cewa an ƙi gaishe shi. Sun karɓe ta a matsayin ma'aikaciyar kamfani, kuma ita ce. Maƙabarta tana bayan kangon, taku hamsin, amma ba ta san wane kabari ba ne, ba kuma za ta tambayi mutumin da ke kiranta Madam ba. Ta ce masa ta gama, za ta koma gada da kanta.

Ta wuce gidansu da taku goma, ta tsaya. A wurin aiki ba ta rubuta abin da ba ta tabbatar ba. In kora ce, gara ta ji ta da kunnenta. Ta dawo ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama.

Ba a buɗe ba. Sai motsin takalmi dab da ƙofar, kamar mai shi ya daɗe a wurin.

"Kin kashe agogon?"

"Shangazi, ni ce, Siwema."

"Na san ke ce, ni na yanke miki cibi. Tambayarki nake, kin gama auna mu?"

"Na gama."

Sakata ta faɗi. Shangazi ta fito, gajera, ta rame, zane biyu iri ɗaya, ta kama hannun Siwema ta juya shi ta duba agogon da kanta. Sannan ta leƙa hanya ta ɗaga murya ta ce an gama, kowa ya fito ya sha iska. Ƙofofi suka fara buɗewa.

A tsaye a soro ta ba ta labarin. Shekara uku da suka wuce wani Bature ya zo irin wannan aikin. An karɓe shi yadda ake karɓar baƙo. Kowane dakali sai an tsayar da shi an tambaye shi mutanen gida, Faki ya ba shi gahawa kofi uku, wani ya ja shi ya ga jaririn da aka haifa, ita kanta ta cusa masa alewar kwakwa a aljihu. Awa biyu ya yi kafin ya kai kuka. Ya je ya rubuta cewa garin na da kyau amma mutanensa ba sa barin baƙo ya yi tafiya. Jirgi bai zo ba. To bana kwamiti ya zauna sau uku, aka yanke cewa ranar da sufeto zai zo babu gaisuwa, babu gahawa, wanda kuma ya san bakinsa ba ya riƙuwa ya kulle kansa a ɗaki. Da takarda ta zo da sunanta aka sake zama. Wasu suka ce ai 'yar gida ce. Shomari ya ce 'yar gida ce amma idon kamfani ta ɗauko, doka tana nan.

"Ni da kaina na sa wa kaina sakata," in ji Shangazi. "Tun asuba nake leƙen hanya ta ramin nan. Kin yi ƙiba. Tafiyarki ta ubanki ce, kamar mai bin ɓarawo."

Siwema ta ce ita ta ɗauka saboda rasuwar ne.

Shangazi ta dube ta sama da ƙasa.

"Wannan maganar tana nan, ba ta je ko'ina ba. Kada ki ga na buɗe ƙofa ki ce ta wuce. Amma mu ba ma yi wa mutum fushi da shiru, 'yar nan. A fuska muke yi, a zaune, bayan an ci abinci. Ɗauki mayafi mu je ki gaida ubanki tukuna."

Suka sake bin hanyar, tun daga gada, don Shangazi ta ce ba a fara gaisuwa daga tsakiyar gari, waɗanda aka tsallake za su riƙe. Siwema ta danna agogon ba tare da ta yi niyya ba, hannu ya saba.

A dakalin farko wani tsoho ya ce bai san ta ba sai ta faɗi sunan kakanta. Ta faɗa, ya ce yanzu ya ji magana. A na biyu aka tambaye ta ko gaskiya ne a can Glasgow rana ba ta fitowa, ko shi ya sa ta kasa ganin hanyar gida. Matar bokitin nan ta rungume ta, ta ce saura kaɗan fitsari ya kashe ta a ɗaki saboda jirgin da bai zo ba. Faki ya zuba mata gahawa, ya ce kofin da ya goge ɗazu har ya kusa hujewa. Ya kuma ce shi ya riƙe kan makarar Bakari, kuma an yi ta duban hanyar gada har aka gama, ko za a ga wani ya sauko. Ya faɗa ba tare da ya rage murya ba. Ta ce ta ji. Ya ƙara mata kofi.

Haka aka yi ta yi gida gida. Wasu suka yi mata ta'aziyyar da ta makara shekara huɗu, ta karɓa. Wata tsohuwa ta ƙi amsa gaisuwarta sai da ta maimaita sau uku. Suna wajen rijiya ta ji ƙarar injin kwale-kwale yana barin gada. Ba ta waiwaya ba.

Kabarin ba shi da suna, dutsen murjani biyu ne da wata 'yar bishiyar lalle da Shangazi ta dasa. Siwema ta tsaya ta karanta abin da ta iya. Ba ta yi kuka ba, Shangazi kuma ba ta nemi ta yi ba. Da suka fito gindin kuka ta duba hannunta. Awa biyu da minti arba'in.

Mzee Shomari yana zaune a kan saiwa, ya cire kwat ɗin ya ninke a cinya. Yanzu Siwema ya kira ta. Ya ce shi ya koya mata lissafi, ya san ta san wace lamba ce ta fi ƙanƙanta. Ya ce matasa na tafiya Dar ɗaya bayan ɗaya, masu sassaƙa ƙofofi saura biyu, jirgi ko sau shida a shekara zai riƙe wasu. Bai roƙe ta ba, ya dai faɗa.

"Malam, in na rubuta sha ɗaya, duk ranar da jirgi ya zo sai kun kulle Shangazi."

"Sau shida ne kawai a shekara."

"Ka kulle uwarka," in ji Shangazi.

Siwema ta ɗora fom ɗin a gwiwa. Ba ta goge sha ɗayan ba. A gefensa ta rubuta: idan babu kowa a garin. A ƙasa ta rubuta awa biyu da minti arba'in, idan mutanen suna nan. Ta soke a'a ɗin da ta sa a layin takura wa baƙi, ta rubuta cewa za a tsayar da su, za a tambaye su iyalansu, za a ba su gahawa. A shafin ƙarshe ta ba da shawarar a sa garin cikin jerin, a cire kangon daga abin da dole a kai, a bar baƙi su tafi iya inda suka kai. Ta karanta masa. Ya tambaya ko za su yarda. Ta ce ba ta sani ba, wani lokaci suna jin maganarta, wani lokaci ba sa ji.

Ya sake duban takardar, ya ce rubutunta har yanzu kamar tafiyar kaguwa.

Ruwa ya riga ya janye, kwale-kwalen masunta sun kwanta a gefe ɗaya cikin laka. Babu fita sai gobe. A tsakar gida Shangazi ta tura mata abin kankare kwakwa da ƙafa, ta ajiye mata kwakwa biyu a fashe, ta ce ta cire wannan agogon kada ya jiƙe. Shinkafa za ta nuna nan da awa ɗaya. Bayan nan akwai magana.

Siwema ta kwance agogon ta sa a jaka, ta zauna, ta fara kankara.