Jakin da Ke Bayan Rumfar Shanu

Wani baƙin sa mai suna Otis, na Jolene Havlik, shi ya zo na ɗaya a gasar shanun matasa da aka yi ranar Asabar a bikin baje kolin gunduma a Tilford, yammacin Nebraska. Amma har yau tutar zakara tana naɗe a ofishin kwamitin bikin. Dale Brandt, wanda dabbar ɗansa ta zo ta biyu, ya kai ƙara tun kafin a watse. Ya ce sa da ya ja mai shi a ƙasa ranar Alhamis ba zai tsaya kamar gunki ranar Asabar ba, sai dai in an yi masa allura.

Shekarar Jolene goma sha takwas. Bana ce damarta ta ƙarshe. Baɗi ta wuce shekarun shiga. Tana zaune a gona da kakanta, Orville Havlik, kuma shi ya koya wa Otis bin ragama, irin yadda tsofaffin yankin suke yi. Akan ɗaura maraƙi da gajeriyar igiya a wuyan jaki. Inda jaki ya nufa, nan maraƙi zai nufa. In jaki bai ga damar shan ruwa ba, shi ma ya haƙura. Cikin 'yan kwanaki taurin kai ya ƙare. Sai a kwance igiya, a mayar da jaki makiyaya.

Orville ya kwance igiyar, amma bai fitar da jakin ba. Sanyi ya yi tsanani a lokacin, ƙugunsa kuma na damunsa, ya ga ba dalilin kai ciyawa wuri biyu. Otis da jakin, Clyde, suka ci gaba da kwana a garke ɗaya har bazara. Jolene tana wanke Otis kullum, tana busar masa da gashi, tana kunna masa rediyo don ya saba da hayaniya, tana sosa masa ciki da doguwar sanda har ya koyi daidaita ƙafafunsa. Bai taɓa yi mata gardama ba. Ba wanda ya lura cewa duk wannan a gaban Clyde ake yi.

Ranar Alhamis aka kai Otis filin baje koli shi kaɗai. Ya ƙi ruwa. Jolene ta zuba masa ɗan zaƙin rake a bokiti, kamar yadda take yi a gida don kada ya ji warin ruwan famfo, ya tunkuɗe bokitin. A hanyar wurin wanka ya fizge, ya ja ta kan tsakuwa har igiya ta suɓuce, ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka yana duban titi.

Dale Brandt yana jingine da shinge.

"Baba Orville, ai kun yi ɓatan hanya. Masu wasan hawan bijimai sai daren Juma'a."

"Dale, in ka gama kallo, miƙo min igiyar nan da ke kusa da ƙafarka."

Lorna Stuhr, mai kula da rumfar shanu, ta zo ta duba gwiwar hannun Jolene, sannan ta faɗi doka. Dabbar da ta kuɓuce wa mai ita sau biyu, gida za ta koma. Otis ya ci ɗaya.

Da safiyar Juma'a cikinsa ya shafe, gashinsa ya kwanta. Jolene na zaune kan damin ciyawa, rediyo na yi, fanka na juyawa.

"Kaka, ko dai mu loda shi mu tafi tun kafin a kore mu?"

Orville ya daɗe yana kallon inda Otis ya kafa ido.

"Ba mu yake nema ba, 'yar nan. Wancan ɗan iskan jakin yake nema."

"Clyde?"

"Wa kuma? Laifina ne. Ba ni makullin mota."

Lorna ta tare shi a ƙofa da ya dawo daga gona, motarsa na jan tirelar ɗaukar dabbobi. Ta ce doki ko jaki ba ya shiga rumfar shanu, ko na wane ne.

"Lorna, na ce zan shiga da shi? Wurin ajiye mota nake nema. Ƙuguna."

"Ƙugunka ne ke kuka a baya?"

"Tsufa ne. Ke ma kina hanya."

Ta nuna masa wurin ajiye motoci, ta juya. Ya kai tirelar ya jingina da bayan rumfa, daidai inda katakon bango yake da rata, kusa da turken Otis. Clyde ya yi kuka sau ɗaya. Otis ya amsa, ya sa hanci a ratar, ya daɗe a haka. Daga nan ya shanye ruwan bokiti, ya kwanta yana tuƙa.

Filin gasa yana ɗaya gefen, nesa da bayan rumfar. Ranar Asabar Orville ya matsar da tirelar zuwa bakin babbar ƙofa, Jolene kuma ta goga rigarta a wuyan jakin kafin ta sa, don Otis ya ji warinsa. Otis ya shiga, ya zagaya, ya tsaya inda aka tsayar da shi. Alƙali ya shafa bayansa da haƙarƙarinsa bai motsa ba. Yana cikin bayani a lasifika Clyde ya rangaɗa kuka daga waje, 'yan kallo suka yi dariya. Alƙalin ya jira aka gama, ya taka ya mari Otis a ɗuwawu, alamar zakara.

Bayan ƙarar, likitan dabbobi ya ɗebi fitsarin Otis ya aika gwaji. Kwamiti ya kira Jolene da kakanta da Dale zuwa ofis. Lorna ce ta yi tambaya.

"Jolene, kin ba shi wani abu don ya natsu?"

"Jaki, Anti Lorna. Har rigata na goga a wuyansa."

"Ban da jaki."

"Ruwa da zaƙin rake."

Dale ya ce to ko gwaji ya fito lafiya, ƙararsa tana nan. Doka ta hana amfani da duk wani abu da zai kwantar da dabba a fili, ba ta ce sai allura ba.

"Jaki abu ne?" in ji Orville.

"Ni ma da na sani da na zo da nawa," in ji Dale.

"Naka ai yana tsaye cikin takalmanka."

Lorna ta ce ya isa. Kwamiti ya rabu: wasu na ganin jakin bai taka fili ba, wasu na ganin rigar ta taka. Suka ɗage magana sai sakamako ya dawo. In ƙarar ta tsaya, tutar ta koma gidan Brandt, Jolene kuma ba ta da wata shekara.

Shanun gasar nan ba sa komawa gida. Ana gwanjonsu, a wuce da su mayanka. Ranar Lahadi babbar mota ta kwashe su duka ban da Otis, domin ba a yanka dabbar da ake bincike a kanta. An tambayi Jolene wane sakamako take fata. Ta ce za ta je ta canza masa ruwa.

Yanzu Otis ne kaɗai a rumfar. An mayar da tirelar bayan bango, Clyde a ciki. Ɗakin gwaji ya ce ba a kai kan fitsarin Otis ba tukuna.