Sabar Jega Ta Ƙi Makullin Kowa

Daga bakin masu lodin albasa a tashar Aliero maganar ta taso, ta biyo mota har Jega Sabon Gari: wai Balkisu ta kulle sabar ƙungiyar makarantun Islamiyya ta koma Maiyama abinta, don haushin an karɓe kula da ita daga hannunta an ba Nuraddeen, ɗan ƙanen shugaban ƙungiya. Kafin labarin ya iso gidan Hajiya Wasila har an ƙara masa gishiri, wai ta rantse sai an je an durƙusa mata.

Hajiya Wasila lissafi da kwamfuta ta koyar har ta yi ritaya, kuma tun tana aiki, amsar da duk aji suka haɗu a kanta ita take fara zargi. Ta san sabar. Kwamfuta ce guda a ofishin ƙungiya a Jega, mai riƙe da sakamakon jarrabawar yaran garuruwa uku, Jega da Aliero da Maiyama. Masu aiki da ita daga nesa suke shiga ta SSH, ba da kalmar sirri ba, kowa da makullinsa: rabi na ɓoye a kwamfutarsa, rabi na fili a ajiye cikin sabar. In suka dace, ƙofa ta buɗe. To ta daina buɗewa. Kwamiti kuma, wanda babu mai iya kunna injin a cikinsu, ya yanke cewa ranar Juma'a bayan an sauko za a sallami Balkisu daga makarantar da take koyarwa.

Hajiya ta ɗauki mayafi ta shiga motar Maiyama.

"Malama, wallahi tallahi ko ni ba ni iya shiga," in ji Balkisu, wadda tsohuwar ɗalibarta ce, ido ya kumbura.

"Ba rantsuwa na zo ji ba, ɗiyata. Kasuwa cike take da ita. Buɗe kwamfutarki."

Hajiya ta sa ta gwada shiga tare da umarnin da ke sa kwamfuta ta faɗi duk abin da take yi. Layuka suka zubo. Sabar ta amsa sallama lafiya lau, wato ba intanet ba ne. Kwamfutar ta miƙa makulli. Sabar ta dube shi ta ƙi.

"Ranar da kika miƙa aiki mi kika taɓa?"

"Ban taɓa komi ba. Makullin Nuraddeen na ƙara cikin fayil, munka gwada gaban Alhaji shugaba, ya shiga."

Hajiya ta taɓe baki. Wace irin mai mugunta ce za ta kulle gida ta bar kanta a waje?

A hanyar dawowa ta sauka Aliero wurin Malam Khalilu, mai aika sakamakon Aliero da Danwarai. Nasa makullin ma haka, a miƙa, a ƙi.

"Ai Hajiya wahala kawai kike," in ji shi yana gyara hula. "Kowa ya san yarinyar nan ce."

"Kowa ɗan wane gida ne, Malam? Kira mini shi in tambaye shi."

Ya yi dariya.

Da hantsi washegari ta isa ofishin Jega. Alhaji Ɗahiru, shugaba, yana zaune ya baza babbar riga, mutumin da ake yabo a garin saboda zauren gidansu bai taɓa sanin ƙyaure ba tun zamanin mahaifinsa. Kowa ya shiga, ya ci, ya kwanta. Shi ma ba ya bari a manta. Nuraddeen na gaban sabar yana gumi. Ya ƙera sababbin makullai har ya gaji, yanzu shawararsa a goge injin gaba ɗaya a sake zubi.

"Da sakamakon yaran duka?" in ji Hajiya.

"Inna, Balkisu ta sa wani abu ciki ne. Irin nasu na ɓoye."

"Tashi, ɗan nan. Kujerar ta gaji da kai."

A gaban injin kalmar sirri na aiki, don haka ta shiga. Ta fara da fayil ɗin makullan fili. Na Balkisu na nan, na Malam Khalilu na nan, na Nuraddeen kuwa sun yi tsibi, duk lafiyayyu. Ba wanda ya cire komai. Sai ta duba inda sabar ke rubuta dalilin korar mutum. Magana ɗaya ce tana maimaituwa tun daga sama: an ƙi, saboda izinin folda ba daidai ba ne. Ta duba izinin. Kowace folda a cikin injin, har wadda makullan ke ciki, a buɗe take wangale. Kowa na iya karantawa, kowa na iya rubutawa.

Ta cire tabarau ta juyo.

"Wa ya buɗe foldodin nan ga kowa?"

Nuraddeen ya dubi baffansa. Alhaji kuwa har ya gyara zama, don an zo inda yake so.

"Ni na sa shi, Hajiya, kuma ban yi nadama ba. Bayan anka miƙa aiki, wani malami ya zo daga Katanga zai duba takardar ɗan'uwansa, injin ya ce ba shi da izini. Malami! A ofishin da nake shugabanta! Na ce wagga rowa ba da ni ba. Ilimin Musulmi ba a sa mishi ƙyaure. Na ce a buɗe komi ga kowa, kamar gidanmu."

"Yaushe ke nan?"

"Ran Laraba."

"Yaushe makullai sunka daina aiki?"

Nuraddeen ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ran Laraba."

"Alhaji, zaurenka shinkafa ke ciki," in ji Hajiya. "Nan kuwa in kowa na iya rubutu a fayil ɗin makullai, kowane ɓarawo na iya ƙara nasa. Shi ya sa injin in ya ga foldar a buɗe ba ya yarda da ko ɗaya daga ciki. Haka anka gina shi. Ya fi kwamitinka hattara."

"To ai ba a gaya mini ba."

"Ka tambaya? Mai gaya maka tana Maiyama, kuna shirin korarta."

Ta mayar da kowace folda hannun mai ita, ta rufe ta makullan yadda mai ita kaɗai ke iya taɓawa. Sannan ta kira Balkisu ta ƙara muryar wayar kowa ya ji.

"Gwada, ɗiyata."

Aka ji ƙarar madannai. "Malama, na shiga! Da makullina na da!"

Aka kira Malam Khalilu, shi ma ya shiga, yana cewa dama shi tun farko bai yarda da zancen ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, kwamiti ya zauna. Alhaji ya so a rubuta cewa matsalar na'ura ce, an shawo kanta da ikon Allah. Hajiya Wasila, wadda ba wanda ya gayyace ta, ta miƙe daga bakin ƙofa.

"Balkisu ba ta kulle komi ba. Alhaji Ɗahiru ya sa Nuraddeen ya buɗe foldodin ga kowa, sabar ta daina karɓar makulli. An rufe su, ta karɓa. Balkisu na nan a aikinta."