Minti Biyar na Shiru a Shagon Percell

Shekara talatin da ɗaya Percell yana aski a wata kwana ta birnin Memphis, ba a taɓa jin shagonsa ya yi shiru ba. Ko ranar da aka ɗauke wuta musu suka ci gaba da yi. Ran Asabar kuwa sai wanda ya gani, kowa gwani ne a ƙwallon kwando da siyasa da auren mutane.

Cikin wannan hayaniya Lucius Broadnax ya shigo da murmushin yaƙe. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta. Wata uku da suka wuce likita ya ce jininsa ya hau, ya ba shi takardar tuƙi ta wata uku kacal, kuma jibi Litinin za a sake gwadawa. In awon jinin bai sauka ƙasa da ɗari da arba'in ba, shi da bas sai hange. Ya bar gishiri, ya bar soyayyar tarwaɗa, yana shan magani kullum, amma tsoro bai bar shi ba. Har takardar ajiye aiki ya rubuta, tana ninke a aljihun rigarsa.

"Ɗaura mini abin nan, mutumina," ya ce wa Percell, yana nuna na'urar awon jini da ke gefen madubi.

Percell na ɗaurawa Baba Elbert, tsohon da ke zuwa kullum alhali ko gashi ɗaya ba shi da shi, ya ce 'yan ƙwallon garin nan ko kakarsa za ta ci su.

"Ƙarya ne wallahi!" Lucius ya miƙe rabi, na'ura na matse masa hannu. "Kai ka taɓa riƙe ƙwallo?"

Na'ura ta yi ƙara. Ɗari da sittin da huɗu. Lucius ya kai hannu aljihun da takardar take.

Nas Odessa, wadda ta koya wa Percell awon kuma take leƙowa sau ɗaya a wata, tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da ƙugu. "Percell! Haka na koya maka? Minti biyar zai zauna, ƙafa a ƙasa, baya a jingine, babu magana."

"To ya yi shiru mana."

"Wannan? Ba ya iya jin ƙarya ya ƙyale. Dukanku za ku yi shiru."

Shago ya kwashe da dariya, sai suka ga fuskarta babu wasa. Aka kashe injin aski, aka rage talabijin. Minti ɗaya, wani ya toshe baki da hula. Minti biyu, mai tallar wainar dankali ya leƙo zai yi sallama, maza takwas suka banka masa harara, ya koma da baya. A minti na uku talabijin ya nuno ɗan wasan garin ya zubar da ƙwallo shi kaɗai gaban kwando. Baba Elbert ya buɗe baki, ya rufe, ya ciji sandarsa, kafaɗunsa na rawa. Lucius ya runtse ido yana ƙirga wuraren da yake tsayawa ɗaukar yara, ɗaya bayan ɗaya.

Minti biyar na cika, Odessa ta danna na'urar da kanta. Na'ura ta matse hannu, ta saki.

"Ɗari da talatin da biyu bisa tamanin da huɗu."

Shago ya ɓarke. Percell ya juya kujerar Lucius sau uku, wani ya hau benci yana rawa da rabin aski, mai waina ya dawo da gudu yana tambayar wa ya haihu.

"Ni na sauke jinin nan!" in ji Baba Elbert. "Minti biyar! Ko a coci ban taɓa yi ba."

"Litinin ma haka za ka zauna kafin a gwada," Odessa ta ce wa Lucius. "Kada ka bar maganin. Kuma kada ka tafi da tsohon nan."

Lucius na dariya, hawaye na bin gemunsa, daɗi ya hana shi magana a karon farko da aka ba shi dama. Ya zaro takardar daga aljihu, ya yayyaga ta, ya watsa cikin gashin da ke ƙasa.

Percell ya duba. "Mece ce wannan?"

"Share kawai, ɗan'uwa. Sannan ka gyara mini kai da kyau, yara za su gan ni ran Talata."