Dokin Mai Jaki

Baffana Alhaji Basiru yana da rumbuna shida, da motar ɗaukar gyaɗa, da gidan siminti a ƙauyenmu da ke bayan Makoda. Amma har yau in baƙo ya tambayi gidansa, sai a ce, "Wane Basirun? Mai Jaki?" Sunan nan yana ci masa tuwo a ƙwarya. Shekara ashirin ya yi yana bin jakuna, yana ɗauko taki a mangala yana kai wa manoma, sana'ar da ya gada wurin kakana, marigayi Malam Ɗan Iya. Ya sayar da jakinsa na ƙarshe tun kafin a haife ni, ya je Makka sau biyu, duk da haka sunan ya ƙi sakinsa.

Ni na jawo abin da ya biyo baya. Ina karatun zane a kwalejin Bici, na zo hutu da wani littafin hotuna, ina zaune a zaure ina dubawa Baffa ya leƙo. Idonsa ya sauka kan wani Bature mai faffaɗar hula, a kan doki, dokin ya ɗaga ƙafafun gaba.

"Khairiyya, wannan wane sarki ne?"

"Ba sarki ba ne, Baffa. Attajiri ne a ƙasar Holan, shekara ɗari uku da wani abu da suka wuce. A da, sarakuna ake zanawa haka. Da wasu 'yan kasuwa suka yi arziki, sai su ma suka sa aka zana su a kan doki da fentin mai, su rataye a falo, kowa ya shigo ya san da wa yake magana."

Baffa ya ja kujera ya zauna. "To da can me yake sayarwa?"

"Wa ya sani? Hoton kawai ya rage."

Ban taɓa ganin magana ta yi wa mutum daɗi haka ba. Nan take ya ce shi ma a zana shi, babba, wanda zai cika bangon zaure. Ya ce in mutane suka yi shekara suna gaishe shi a ƙarƙashin doki, ko kunya ta sa su daina kiran jaki.

Doki ne ya yi wuya. Sai a Zakirai aka samo aron wata tsohuwar goɗiya wurin Malam Sabo, ba sirdi, don gara ta cinye shi. Na ce ba komai, a shimfiɗa bargo, sirdi ni zan zana. Baffa ya sa aka kai ta bayan gona inda dawa ta yi tsayi, kada kowa ya gani. Ya sha babbar riga da rawani, ya ja da baya, ya dafa ta ta baya ya haye da tsalle ɗaya. Na yi mamakin ƙarfinsa. Ya zauna daram can kan kuturi, dab da wutsiya, ƙafafu na lilo. Linzami kuwa ko kallonsa bai yi ba, sai ya karyo tsumagiya ya riƙe.

Ni a Bici na girma, abin hawan da na sani babur ne. Na dai lura zaman bai yi kama da na Baturen ba, amma na ce a raina dattijo ya fi ni sanin dabba. Na ɗauki hotuna a waya, na yi wata guda ina aiki. Na mayar da goɗiyar ingarma, na ɗaga masa ƙafafu, na zuba wa sirdi ado, na ajiye shi daidai inda Baffa ya zauna.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yaye ƙyallen da ya rufe hoton. Zaure ya cika. Kowa ya zuba wa hoton ido, ina ta jiran yabo.

Malam Sabo ne ya fara. Ya matso, ya karkata kai, ya ce, "Alhaji, gaban nan da ka bari fili, wurin mangala ne?"

Zaure ya fashe. Wani dattijo har da riƙe ciki. Sai a lokacin aka fahimtar da ni cewa mai jaki ne ke zama a kuturi, don ya bar wa kaya tsakiya, kuma shi ne ke juya dabba da tsumagiya. Na zana ingarma na gani na faɗa, na ɗora masa mai jaki tsantsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma na ji tausayin Baffa ƙwarai, don murmushin da yake yi bai kai ido ba.

Da jama'a suka watse ya ce, "Za a iya matsar da ni gaba?"

"Za a iya, Baffa. Fentin mai yana rufe ɗan'uwansa. Amma sai ya ƙara bushewa, kamar mako guda."

Ya juya hoton ya fuskanci bango.

Kwana uku bayan haka Gwaggo Aina'u, yayarsa, ta zo daga ƙauyensu takanas don ta yi dariya, labari ya riga ya kai mata. Ta sa na juyo hoton. Ta fara dariyar, sai ta tsaya. Ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa fentin.

"Basiru, zo nan," ta ce. "Wannan ai ba kai ba ne. Baba ne."

"Wane irin Baba kuma, Yaya?"

"Dubi kafaɗar hagu yadda ta faɗa. Dubi babban yatsa a kan tsumagiya. Haka yake shigowa gari da la'asar, mu fito da gudu mu tare shi. Ka tsufa ka koma shi, ba ka sani ba."

Kakana bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Shekara talatin da ɗaya da rasuwarsa, kuma Baffa ya taɓa faɗa mini cewa fuskarsa ta fara ɓace masa, abin yana damunsa. Ya tsaya gaban hoton nan ya daɗe, Gwaggo na share ido da bakin mayafi.

Da mako ya cika na zo da burushi da fenti, na tarar an riga an kafa ƙusa, hoton yana sama, daidai inda mai shigowa zai fara gani.

"Baffa, in matsar da kai gaban?"

"Kada ki taɓa."

"To in goge dokin in sa jaki? Ya fi dacewa da zaman."

Ya girgiza kai. "Shekara hamsin Baba ya yi yana bin jaki, in mai doki ya zo wucewa sai ya ratse cikin gona ya ba shi hanya. Bai taɓa hawa ba ko sau ɗaya. Bar shi ya hau."

Ya ce abu ɗaya ya rage, in yi rubutu a ƙasa, manya-manya yadda mai raunin ido zai karanta. Na tsoma burushi na tambaye shi me zan rubuta.

"Malam Ɗan Iya Mai Jaki," in ji Baffa. "Ki ƙara, da ɗansa."